Ƙusa da Kwano a Cikin Daro

An yi wani malamin Fiziks a wata ƙaramar sakandare, mutum ne mai garaje, ba ya jure shiru. In ya jefa wa yara tambaya, kafin su buɗe baki ya riga ya amsa wa kansa, ya cika allo, ya goge, ya wuce gaba. Yara su haddace tsaf, amma da an juya musu tambaya a jarrabawa sai su yi ta zare ido. Har shugabar makarantar ta kira shi ta ce in bana ma haka aka yi, za ta ba wani ajin. Hankalinsa ya tashi, ya ƙara sauri, ya yi ta ɗaga murya har wata safiya ya wayi gari maƙogwaro ya shaƙe, magana sai da ƙyar. Ga shi ranar zai koyar da abin da ke sa abu ya nutse ko ya yi iyo.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya sa aka kawo daro cike da ruwa. Ya saki ƙusa, ta nutse. Ya tambaya cikin raɗa, "Me ya sa?" Suka ce ai nauyi gare ta. Ya ɗora kwanon ƙarfe a kan ruwan, kwanon ya tsaya a sama. "Wanne ya fi nauyi?" Aji ya yi tsit. Amsar na cin sa, ya kai gaba ya komo, ya ɗauki alli ya ajiye, ya dubi agogo. Can wata yarinya ta ce, "Malam, ko don kwanon yana da ciki?" Ya ce, "Ya za ki gwada?" Ta ɗauko gwangwanin madara ta sa a ruwa, ya yi iyo, ta ciro shi ta take shi ya baje, ta mayar, ya nutse. Gardama ta kaure, aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Murya ta dawo, amma ya koyi cije harshe, ko da yake kullum yana cikin fargabar lokaci. Zangon ya ƙare bai kai ƙarshen littafi ba. Da jarrabawa ta zo da tambayar da ba su taɓa gani ba, sai ya hange su sun yi shiru suna zane a gefen takarda, kowa na tambayar kansa. Mafi yawansu suka ci, aka bar masa ajinsa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.