Shingen Birai

"Mama, wa ya kashe wutar lantarkin shingen nan?" in ji ɗana, yana tsaye cikin gonar da birai suka tone. Daga birnin Osaka ya zo, zuwan da yake yi sau ɗaya a shekara.

Na ce, "Dusar ƙanƙara ce."

"Ita ta zare filogi har ta naɗe waya? Haba Mama! Ko dankali ɗaya ba su bar miki ba. In suka ƙara shigowa, ɗauke ki zan yi."

Ya mayar da wutar, ya rusuna mini daga bakin mota, ya tafi.

Mu huɗu muka rage a ƙauyen nan. Na jira ƙarar motarsa ta ɓace, na sake zare filogin, na zauna a baranda na kwance gashina.

Wata tsohuwar birinya, wadda sauran birai suka daina jira, ta sauko daga dutse. Ta zauna a bayana. Yatsunta masu farce irin nawa suka shiga furfurata, suna tsefewa a hankali.

Tun da muka ƙona gawar mijina bisa al'adarmu, hannun nan kaɗai ya taɓa ni.