Ta'aziyyar Mai Raba Karta

Kwana uku da tsintar gawar mijinta a bakin tekun birnin Tanja, mai gidan cacar da yake yi wa aiki ya zo ta'aziyya da yaransa. Shekara ashirin marigayin ya yi yana raba masa karta a ɗakin da ke bayan gidan rawarsa.

Ta fito daga cikin mata sanye da fararen kayan takaba, ta tsaya a kansa.

"Allah ya ba ki haƙuri, Lalla," in ji shi, ya miƙo mata ambulan mai kauri. "Ɗan'uwana na rasa."

"Yankan rago kake yi wa 'yan'uwanka?"

Masu zaman makoki suka sunkuyar da kai. Murmushinsa ya ɗauke.

"Rage murya, ke. Wanda ya rubuta wasiƙa yana tona mini asiri, shi ya jawo wa kansa."

"La'ananne! Mijina ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ni na rubuta ta. Ban san jami'in da na aika wa ma yaronka ne ba."

Ya miƙe a fusace, kofin shayi ya kife a kan darduma.

"To, ke ma kin gama yawo."

Ba ta ja da baya ba. Ta tura ƙyauren taga. Can wajen tashar jiragen ruwa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, daidai saitin gidan rawarsa.

"Yau ban aiki kowa ba," ta ce. "Kafin ka iso, da hannuna na je na zuba fetur ɗin."