Kujerar Malam Dalili

Sai da ya goge takalminsa ya zura baƙar rigar da tela ya ɗinka masa, sannan Malam Dalili ya leƙa kicin ya ce wa matarsa yau ƙafarsa ƙafarta. Za ta je ta gani da idonta, ko ta daina cewa ba mai sauraronsa sai bango.

Laƙabin shi ya jawo wa kansa. A ɗakin gwajin ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma tun da ya dawo gida ba a isa a yi atishawa ba sai ya ce, "Akwai dalili." In matarsa na yanka albasa tana hawaye, sai ya tsaya a kanta yana bayanin iskar da ke tashi daga albasar ta haɗu da ruwan ido, har girki ya kama. 'Ya'yansa in sun bugo waya, da ya soma sai layi ya lalace. Jikoki kuwa da sun ji "zo ka ji" sai fitsari ya matse su. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana tara sani, a rasa mai karɓa ko a kyauta!

Farkon damina ruwa ya tsare shi a barandar tela, can ƙarshen layi inda kwata ke taruwa. Nan tela da mai aski da mai gyaran waya suke zama da faɗuwar rana, suna hira suna tafka wa ƙafafunsu mari. Malam ya samu wuri, ya kama bayanin walƙiya tun daga tushe, ya gangaro kan kwaɗi, ya faɗa kan sauro, ya ɓullo ta tsatsar ƙarfe, yana yi yana sosa idon sawu. Ba wanda ya tashi. Da zai tafi ma, mai aski ya dubi tela, tela ya dubi mai gyaran waya, suka haɗa baki suka ce, "Baba, gobe ma za ka zo?"

Kashegari ya tarar da kujera mai hannu an ajiye masa a bakin baranda, wai nan iska ta fi kaɗawa. Su kuwa suka takure a benci daga ciki kamar 'yan aji. Mai aski da kansa yake cire masa takalmi da safa, wai ƙafar dattijo ta huta. Tela ya gwada shi ya ɗinka masa riga baƙa wuluk mai gajeren hannu, ya ce ita ta fi fito da kwarjininsa.

Tambayoyi kuwa ba a magana. Me ya sa ba a ganin fitsarin kaza? Me ya sa ruwan rijiya ke sanyi a lokacin zafi? In ya gama da wuri sai su ce bai shiga ba, a maimaita. Malam ya yi ta zuba, yana haki, yana gumi, yana sosa ƙauri, zuciyarsa fari ƙal. Ranar da mura ta kwantar da shi, har gida suka zo da lemo, fuskokinsu duk a kumbure, suka ce wallahi zama ya gagara babu shi. Sai da ya juya bango ya share ƙwalla.

Shi ya sa yau yake son matarsa ta shaida. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan ƙurajen da suka feso masa a hannu da ƙafa, ta ce ba inda za ta sai ya shafa man da 'yarsu ta aiko. Ya yi ta mita, ta kama shi ta mulke shi tas har bayan kunne.

Suka iso aka tarbe su da murna, aka ba ta kujera kusa da shi. Malam ya gyara murya, ya zaɓo wanda ya fi ji da shi, wato dalilin da ƙasa ke girgiza. Bai kai ga duwatsun da ke gugar juna a ƙarƙashin ƙasa ba, sai ya ji tas! daga benci. Ya ɗauka tafi ne, ya saci kallon matarsa, ya ƙara ƙaimi.

Tas! Tas! Mai aski yana marin wuyansa, mai gyaran waya yana fifita da kwali. Can mai aski ya tuna bai kashe fitilar shago ba. Mai gyaran waya ya kara waya a kunne ya bi bayansa, alhali ba ta yi ƙara ba. Matar Malam ta harɗe hannu tana danne murmushi. Shi kuwa sai kunya ta rufe shi, maganar ta tsaya masa a tsakiyar dutse.

Saura tela, shi ma ya soma naɗe tabarma. Malam ya riƙo hannunsa ya ce, "Ɗana, me na yi muku yau? Akwai dalili ai."

Tela ya sunkuyo ya shinshina hannun Malam, ya yi salati.

"Haba Baba, man sauro ka shafa? Ai kai ka koya mana cewa numfashi yake bi, da gumi, da warin ƙafa, da baƙin kaya, kuma wani ya fi wani jan sa. Tun da Allah ya haɗa mu da kai, in dai kana zaune, sauro bai ƙara taɓa ɗayanmu ba. Don Allah gobe ka zo haka nan."