Ƙaramar Gingimari Mai Lotsattsen Goshi

Ka ce tsohonka ya daina hira, kun gaji da sayen magani. Ni ba likita ba ne. Amma zauna ka ji wannan.

An yi wani direban gingimari, irin mai bodin katakon nan, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai hatsi kudu daga Funtuwa, yana komowa da goro da manja. Da girma ya kama shi, ƙafa ta daina jin birki, 'ya'yansa suka karɓe makulli, aka sayar da motar. Ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya fuska bango. An duba shi ba a ga ciwo ba. Kwanon tuwo yadda ya shiga haka yake fitowa. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma kuka. Mutum yana ƙarewa a kan tabarma ana kallo.

Yana da ƙane mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda ke da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Yakan sayo ƙananan motocin roba a kwali, a wargaje, taya daban, ƙofa daban, sitiyari bai kai anini ba. Sai ya zauna da matsefata da gam da siririn burushi, ya haɗa, ya yi fenti, ya jera a kanta. Ba ya sayarwa. Da abin yayansa ya dame shi, sai ya samo kan mota mai kama da waccan, ya fere siraran katako ya yi mata bodi, ya shafe ta da koren fenti mai sheƙi. Ta fito tsaf kamar amarya, duk girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya kai ya ajiye a bakin tabarma. Tsohon ya juyo, ya dube ta sama da ƙasa, ya ja tsaki, ya ce, "Ba ita ba ce." Da wani ne, da ya kwashi kayansa ya yi fushi. Shi daɗi ya ji, don an jima ba a ji muryar nan ba. Ya gyara zama ya ce, "To Yaya, ina na kuskure?"

Nan baki ya buɗe. Ashe goshin motar a lotse yake ta hagu, tun ranar da wani bijimi ya yi mata gardama a hanyar Kontagora, ya tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi abinsa. Ƙanen ya ɗumama bakin cokali a wuta ya lotsa robar. Kashegari aka ce masa ƙofar dama shuɗiya ce, daga jikin wata mota aka ciro ta. Ya kankare ya sake fenti. Aka ce ina tsatsa, ina taɓo, ko a sama take tafiya? Ya niƙa jar ƙasa ya kwaɓa da gam ya shafe ƙarƙashinta. Ya fere ƙwallon magarya ya yi buta, ya rataya a bayan bodi da zare. Kullum motar tana ƙara muni, tsohon yana ƙara walwala. Yana faɗa yana kai loma, bai san ya soma ci ba. Rannan ya ce ɗakin nan ya cika duhu, ba ya ganin aikin banzan da ake yi masa, a fitar masa da tabarma zaure. A can ya fizge burushin, ya karkata rubutun da ƙanen ya yi a goshin motar. Ya ce ai dama a karkace yake.

Da aka zo kan safayar taya sai ƙanen ya ce shi bai yarda a ƙarƙashin bodi take ba. Aka aika kiran tsohon karen motarsa, wanda yanzu ya yi furfura yana facin taya a tasha. Mutumin ya shigo, ya yi arba da ita, ya durƙusa yana dariya har da hawaye. "Wallahi Oga, har warin manja na ji!" Direba ya ce, "Kai ina ka san wari, kai da barci kake a kan buhu daga nan har Ibadan?" Karen mota ya rantse safaya a bisa kai ake ɗaure ta. Direba ya rantse a ƙasa. Sai ga muryar matar daga tsakar gida: a bisa kai take, ita ta jingina da ita ranar da aka kawo kayan ɗakinta. Mutum uku a kan ɗaya. Tsohon ya miƙe. Ya laluba takalmansa, ya ɗauki sanda, ya saƙala motar a hammata, ya nufi tasha neman shaidu da ƙafarsa. Can ya tarar da sauran tsofaffin direbobi a gindin darbejiya. Kowa sai ya taɓa ta, kowa da nasa gyaran. Musu ya kaure har la'asar, aka tashi ba a yanke ba, aka ce sai gobe.

Motar har yau ba a gama ta ba, kuma mai agogo ba shi da niyyar gamawa. Da tsohuwar zuma ake magani.