Sa Hannun Inna

"Sake karanta min," in ji Inna, da biro a hannunta.

Ma'aikacin ofishin tallafin ɗalibai ya dubi agogo, ya maimaita: "Na shaida cewa ɗana nakasasshe ne. Nan za ki sa hannu, Mama. Ƙarfe huɗu muke rufewa."

Shekara ashirin ba ta taɓa bari an faɗi kalmar nan a gabanta ba. Ta taɓa cin kwalar wani malami don ya zaunar da ni a inuwa lokacin wasanni. In muna tafiya ba ta waiwaye, sai dai in ji, "Ɗaga ƙafa, ba jiranka zan yi ba." Haka na bi ta da sandata har jami'a. Amma in ba tallafin nan, karatuna ya tsaya.

Ta sa hannu.

Da muka fito baranda, na sunkuyar da kai ina sauri kamar kullum don in cim mata. Na ɗago, ba kowa a gabana. Tana gefena, tana takawa a hankali, tana jirana.

Ban taɓa jin nauyin ƙafar nan kamar ranar ba.