Gaisuwar Ƙarfe Bakwai

Wayar Inna ta yi ƙara a kan tebur ƙarfe bakwai na safe daidai, kwana tara da rasuwarta.

Yayar Auta ta ɗauka ta karanta saƙon da ya shigo: "Ina kwana, Inna? Da fatan kin tashi lafiya." Ta ɗago ta dube shi. "Sunanka ne ya fito, Auta, alhali ga ka zaune a gabana."

Ya murza idanunsa da suka yi jajir. Shekara uku ke nan, lokacin da aikin ofis ya sha masa kai, ya rubuta layi biyar na umarni a baƙin allon kwamfutarsa, ya ware musu lambar waya, ya sa mata sunansa a wayar Inna. Su ke gaishe da Inna kullum a madadinsa. Da yake ya saba toshe bakin duk shirin da ya rubuta don kada ya dame shi da rahoto, sai ya tura duk abin da zai dawo zuwa /dev/null, ramin da in abu ya faɗa ya tafi ke nan.

"To amsoshinta fa?" in ji yayar.

"Ai ba ta amsawa."

Ta miƙa masa wayar. Ƙarƙashin kowace gaisuwa, ban da na bayan rasuwarta, akwai saƙon murya, sun haura dubu. Ya danna na ƙarshe.

Muryar Inna ta fito a hankali, tana haki.

"Lafiya lau, na'ura, sannu da ƙoƙari. In kin ga ɗana, ki ce ina cigiyarsa."