Katin da Zai Ɗauki Allo Uku

"Ƙaramin ba zai ɗauki allo uku ba, Yaya," in ji Usaini. "Kana cikin wasa hoton zai riƙa tsayawa."

Suna shagon kwamfuta a Haɗeja, katin hoto biyu a gabansu, irin wanda ake sa wa kwamfuta ya fitar da hoto a allonta. Abdulmannan, ɗan kawun Usaini, shi ya taho da shi don ya taya shi zaɓe. Usaini kuwa tasa buƙatar daban ce. Gonar bakin kogi da yake noman shinkafa aro ce daga Abdulmannan, kuma yana so a bar masa ita bana ma. Sai ya dage da faranta masa rai.

"Babban ya fi ƙarfina," in ji Abdulmannan.

"Haba Yaya, mutum kamarka? Wallahi da ni ne, ko me zan sayar sai na saye shi."

Abdulmannan ya yi murmushi, ya ciro waya, ya kira wani Alhaji.

"Alhaji, gonar bakin kogin nan da kake nema ka saya, na sallama maka. A'a, mai noman ba zai yi rigima ba, shi ma ya ba ni shawarar."

Ya miƙa wa Usaini kwalin babban katin. "Riƙe mini da kyau, kada ya faɗi."